Kafin sabon yadi: yadda ake gyara firam da daɓen kujerar kushin

Kujerar kushin tana tsufa ne daga ciki kafin abin ya nuna a waje. Za ka ga tsakiyarta ta lotsa, mutum biyu in sun zauna sai su gangaro juna, hannunta yana rawa idan aka dafa, ga wata 'yar ƙara da take yi duk lokacin da aka motsa. Amma abin da ido ya fi gani shi ne yadin da ya koɗe, shi ya sa mutum yake fara tunanin launi da zane. Wanda ya sa sabon yadi a kan firam mai rawa da sifirin da ya saki, kitso ya yi da ƙwarƙwata. Bayan 'yan watanni kujerar za ta koma yadda take, ga shi kuma ya rufe hanyar gyara da hannunsa.

Abu biyu ne wannan jagorar ta tsaya a kai. Na farko firam, wato ƙashin kujerar na katako. Na biyu abin da zan riƙa kira daɓe, wato shimfiɗar da kake gani idan ka ɗauke matasan zama: yadin da ke sama, abin taushin da ke ƙarƙashinsa, da bel ko sifirin da ke ɗauke da nauyin mutum. Dukkansu ba ka isa gare su sai kujera tana tsirara.

Kwancewa

Kifa kujerar a kan benci biyu ko tebur mai ƙarfi, don bayanka ya huta. Ana kwance kujera ne ta bin akasin yadda aka rufe ta: siririn baƙin ƙyallen ƙasa da farko, sai yadin baya na waje, sai na wajen hannuwa, sai na cikin jingina, sai na cikin hannuwa, daɓe a ƙarshe. Ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire kowane yanki da kuma bayan ka cire, musamman inda aka tsaga yadi don ya zagaye katako. Ka rubuta wa kowane yanki suna da alli, ka sa kibiya mai nuna sama. Tsohon yadin daɓe kada ka yaga shi, shi ne zai zama ma'auninka.

Fin ɗin sitefula duk a cire su. Aiki ne mai gundura, kujera mai cin mutum uku tana iya ɗaukar yini guda, amma ragowar fin yana karya sabo idan ka harba a kansa, yana kuma yaga yatsa. Idan guntu ya karye a cikin katako kuma filaya ta kasa kamo shi, buga shi da guduma ya nutse. Ka bi tsawon jijiyar katako yayin banɓarowa, kada ka gitta ta, in ba haka ba sai ka ɓalle gefen. Tsohon soso idan ya mutu gari yake zama, don haka ka rufe hanci da baki, ka sa tabarau.

Duba firam

Idan katako ya bayyana, tsayar da kujerar a ƙasa mai daidai ka girgiza ta da gaske. Kama hannu ɗaya ka tura waje ka jawo ciki. Dafa saman jingina ka tura baya. Ɗaga ƙafar gaba ɗaya sama kamar santimita 15: a firam mai lafiya ɗaya ƙafar gaban za ta biyo ta, idan kuwa ta tsaya a ƙasa to firam ɗin yana murɗewa. Duk haɗin da ka ga ya buɗe baki ko ka ji ya yi ƙara, zana masa alli.

Sai ka gane abin da ke gabanka. Katakai huɗu ne suka zagaye mazauni: na gaba, na baya da na gefe biyu. A kansu ginshiƙan hannu da na jingina suka tsaya. Akwai kuma wasu siraran katakai a kwance, 'yan santimita kaɗan a saman katakon baya da na gefe, waɗanda ba nauyi suke ɗauka ba, aikinsu su bar rata da za a zura yadi ta ciki a kafe shi daga waje. Mutane da yawa suna raina su, alhali idan ɗaya ya karye ba inda za ka ɗaure yadin cikin hannu. A kujera mai tsawo za ka tarar da tokari ɗaya ko biyu, na katako ko na ƙarfe, daga katakon gaba zuwa na baya. Shi ne yake hana sifirin janyo katakan biyu su lanƙwaso ciki. Galibi a lanƙwashe yake zuwa ƙasa don kada mai zama ya ji shi.

Auna mazaunin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a karkace, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo ɗaya, firam yana kan daidai. In sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, matasan ba za su taɓa zama da kyau ba sai ka gyara.

Duba kuma ƙwaro. Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 da gari mai laushi a ƙarƙashinsu alama ce ta ƙwaron katako. Soka bakin sukundireba: katako mai rai zai ƙi, wanda aka cinye zai nutse kamar ɓawo. Mai 'yan ramuka ana iya yi masa magani a bar shi ya bushe sosai kafin a rufe. Wanda ya rududduge a canza shi kawai.

A nan ne kuma za ka yanke shawarar ko kujerar ta cancanci wahalar. Firam na katako mai tauri ko filawud mai kauri, wanda aka haɗa da fegi (ɗan sandan katako da ake cusawa a rami don haɗa katakai biyu) da gam, ya cancanci kowane awa da za ka ba shi. Wanda aka yi da allon garin katako aka harhaɗa da fin kawai, idan ya fara marmashewa a wurin haɗi, sukuru ba ya kama shi, gam ma ba ya riƙe shi. Ni dai irin wannan ba na ɓata sabon yadi a kansa.

Haɗin da ya saki

Kuskuren da aka fi yi shi ne a matsa gam a bakin tsagar, a buga doguwar ƙusa, a ce an gama. Sabon gam ba ya kama tsohon gam, katako yake kamawa. Ƙusa kuma tana tsaga ƙarshen katako, daga baya ta sassauta. Garin gyaran gira sai a rasa ido.

Buɗe haɗin gaba ɗaya idan zai yiwu. Sa guntun katako a tsakani ka buga da guduma a hankali har ya fita. Kankare tsohon gam daga fegi da cikin rami har ka ga fuskar katako. A tsofaffin kujeru da aka yi kafin gam ɗin zamani ya yaɗu, gam ɗin fata ake amfani da shi, mai launin ruwan ƙasa, shi ruwan ɗumi yana narkar da shi. Fegin da ya karye a cikin rami, yanke shi daidai da fuskar katako, ka huda tsakiyarsa da ƙaramin bakin diril, ka ɓalle ragowar da kaɗan-kaɗan, sannan ka share ramin da baki mai girman fegin. Kada ka fara da babban baki, zai zame ya faɗaɗa ramin ta gefe.

Gwada haɗawa babu gam tukuna. Idan ya shiga da ɗan matsi, farin gam ɗin katako ya isa: shafa a ramin da fegin duka, haɗa, matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, har gam ya ɗan tsattsafo. In ba ka da kilam mai tsawon kujera, bel ɗin ɗaure kaya mai abin matsewa yana yi, ko igiya ninki biyu da ka murɗa da sanda. Kafin gam ya kama, sake auna kusurwa zuwa kusurwa, domin wannan ce damarka ta ƙarshe ta miƙe firam. Bar shi a matse awa 24. Idan kuwa ramin ya faɗaɗa har fegi yana yawo, farin gam ba ya cike gurbi, sai ka sa fegi mafi kauri ko gam ɗin ifoksi mai ruwa biyu.

Sannan katakon kusurwa. Ɗan guntu ne mai kusurwa uku da ake sawa a kowace kusurwar mazauni ta ciki, kuma shi ne abu mafi araha da yake ƙara wa kujera shekaru. Idan babu, yanka ka sa. Idan akwai amma da fin aka maƙala shi, cire ka sake sa shi da gam da sukuru biyu a kowane ɓangare. Ka fara huda ƙaramin rami kafin sukuru, don kada ya tsage. Ka tabbata fuskokinsa biyu sun kwanta lif a jikin katakan, guntun da ya taɓa ta baki kawai ado ne.

Katakon da aka sha kafe wa yadi yakan zama kamar rariya. Idan ramukan ba su yi muni ba, kwaɓa garin katako da gam ka cusa, ya bushe ka goge da samfefa. Idan gefen ya ragargaje, manna sabon katako a jikinsa ta ciki da gam da sukuru, ka koma kafe yadi a kan sabon. Haka ma katakon da ya tsage: gam a cikin tsagar, matsi, sannan ɗori mai tsawon da ya wuce tsagar ta kowane gefe. Kaifin gefen katako duk inda bel ko yadi zai bi ta kai, ka dakushe shi da samfefa.

Wani abu da na koya da tsada: ƙafafu da hannuwan kujerun zamani galibi da noti ake ɗaura su, kuma uwar notin tana nutse ne a cikin katako ta ciki. Na taɓa gama kujera tsaf, har ƙyallen ƙasa, na zo ɗaura ƙafa sai uwar notin ta riƙa juyawa a banza. Sai da na sake farke ɓangare guda. Ka gwada kowane noti yanzu, ka ɗaure na hannuwa tamau.

Bel da sifirin

Abu uku ake samu a ƙarƙashin daɓe, kuma shawarata ka mayar da irin wanda ka tarar, domin tsayin firam ɗin da shi aka lissafa.

Bel ɗin roba shi ne mafi sauƙi. A saman katakan ake kafe shi. Idan ya tsufa yakan bushe ya tsattsage ko ya saki, kuma ba a ƙara masa ja, canza shi ake yi duka. Fara da na tsakiya ka yi gefe. Kafe a katakon baya da layi biyu na fin mai tsawon milimita 12 zuwa 14, ba tare da ninke bakin ba, sannan ka ja zuwa gaba. Sirrin shi ne kowane bel ya sami ja iri ɗaya, kuma hannu ba ya iya auna wannan, alli ne yake iyawa. Bel ɗin roba irin na kamfanin Pirelli ana jan sa kusan kashi 10 cikin 100: idan tazarar santimita 50 ce, sa alama a 45, ka ja har alamar ta iso katakon gaba. Wasu nau'o'in da aka saƙa da zare sun fi haka miƙewa, sai ka bi ma'aunin mai yin su. Ratar da ke tsakanin bel da bel kada ta wuce faɗin bel ɗin kansa. Na gicciye kuma ka saƙa su, sama da ƙasa, kamar tabarma.

Sifirin mai zigzag, wanda yake tafiya kamar maciji daga baya zuwa gaba, shi ya fi yawa a kujerun yanzu. Sau da yawa ba sifirin ne ya mutu ba, maƙalin da ke riƙe shi ne ya tumɓuke ko ya buɗe. Duba kowane maƙali. A cikinsa akwai 'yar shimfiɗa ta roba ko takarda mai hana ƙarfe gogar ƙarfe, idan ta cinye daga nan ƙarar take fitowa. Sabon maƙali kada ka mayar da shi a tsohon rami, matsa kaɗan zuwa katako mai lafiya. Na mazauni yawanci waya ce mai lambar kauri 8 ko 9, ta jingina kuma ta fi siriri, kamar lamba 11, don haka kada ka musanya su. Tazarar layi da layi santimita 10 zuwa 13 daga tsakiya zuwa tsakiya. Idan an ɗaura shi daidai yana yin ɗan doro sama da katako, kamar santimita 3 zuwa 4. Wanda ya kwanta shamɓal ko ya lotsa ƙasa ya gama aiki. In ka canza guda ɗaya a tsakiyar tsofaffi, mai zama zai ji shi kamar dutse a cikin katifa, gara a canza duka. Ka juya bakin kowane layi saɓanin na maƙwabcinsa, sannan ka haɗa layukan da waya ko igiya mai ƙarfi a gicciye, layi biyu, don nauyi ya rarrabu kada sifirin ɗaya ya kwanta gefe. Yayin ja, fuskarka ta kauce daga hanyarsa. Idan ya kuɓuce ba ya sallama.

Na uku sifirin mai naɗi, wanda yake tsaye a kan bel ɗin algarara da aka kafe a ƙasan firam. Shi wannan bel ɗin ba ya miƙewa, da maja ta katako ake jan sa har in ka ƙwanƙwasa ya amsa kamar ganga, a kafe, a ninko bakin a sake kafewa. Ana ɗinke gindin kowane sifirin a kan mahaɗar bel, sannan a ɗaure kawunansu da igiya: baya zuwa gaba, gefe zuwa gefe, da karkace biyu, har igiya ta taɓa kowane kai a wuri 8. Idan igiya ɗaya ta tsinke saboda tsufa, sauran ma suna hanya. Aikin yana da jagorarsa daban, amma ƙa'idarsa ita ce kawunan su tsaya a tsayi ɗaya, kowanne a miƙe.

Shimfiɗa daɓe

Rufe sifirin da yadin algarara mai kauri. Ja shi ya miƙe amma kada ya danne sifirin, kafe a saman katakan, ninko bakin ka sake kafewa. Da lanƙwasasshiyar basilla ka ɗinke shi a jikin sifirin a wurare da dama, don kada ya riƙa gogawa ya huje. A kan bel ɗin roba kuwa a bar masa ɗan sassauci, in ba haka ba zai hana bel ɗin nutsewa, ya kuma yage.

A bakin katakon gaba ana kafa wani naɗi mai tauri kamar igiya, kauri santimita 2 zuwa 3. Aiki biyu yake yi: yana kare bayan gwiwa da yadi daga kaifin katako, yana kuma tare matasai kada su zamo gaba. Idan tsohon bai mutu ba, mayar da shi. Ka bar shi ya ɗan leƙo gaban katako kaɗan, a layi ɗaya miƙaƙƙe, domin duk karkatar da ya yi za ta fito a fuskar kujera.

Yadin daɓe yanki biyu ne da aka ɗinke. Na gaba shi ne yadin ado, wanda zai rufe bakin kujera ya shiga ƙarƙashin matasai santimita 10 zuwa 15, don kada a hango wani launi idan mutum ya zauna. Na baya yadi ne mai ƙarfi mara ado, wanda ba ya santsi. Yanka su bisa tsohon, amma ka ƙara aƙalla santimita 8 ta baya da gefuna don ka sami abin kamawa. Rara ana yanke ta, gaira ba ta da magani. Idan yadin adon mai zane ne, tsakiyar zanen ta faɗa a tsakiyar kujera, saboda daga nan matasai da jingina za su ɗauki layi. Ɗinke yankunan biyu da keke, ka bar leɓe, wato rarar yadi a bayan ɗinki, santimita ɗaya da rabi.

Yanzu matakin da masu gaggawa suke tsallakewa. Zana layi a kan algarara daga gefe zuwa gefe, daidai inda ɗinkin zai kwanta. Sa alamar tsakiya a katakon gaba, da na baya, da yadin. Shimfiɗa yadin, ka kifa na adon baya a kan ɗayan har leɓen ɗinkin ya bayyana a kan layin. Ja ƙarshen ɗinkin biyu ka kafe a katakan gefe, sannan ka ɗinke leɓen a jikin algarara da basilla da zare mai ƙarfi, taku kamar santimita 3, kana kama sifirin duk inda ka same shi. Wannan ɗinkin ne yake yin ɗan kwarin da gaban matashi yake zama a ciki. Babu shi, daɓe zai kumbura, matasai su riƙa gudu.

Bayan ɗinkin, shimfiɗa abin taushi siriri, auduga ko soso mai kaurin santimita 1 zuwa 2. Kada ka cika, taushin zama aikin matasai ne, kuma duk abin da ka ƙara a nan yana ɗaga mazauni ya rage tsayin hannu. Zura yadin ta ratar baya da ta gefuna.

Inda ginshiƙi ya tare hanya sai an tsaga, kuma a nan ake asarar yadi. Ninko yadin baya har ninkin ya taɓa jikin ginshiƙi. Yanka daga bakin yadi ka nufi tsakiyar ginshiƙin, ka tsaya saura santimita 2 zuwa 3, sannan ka raba yankan biyu, kowanne ya nufi gefe ɗaya na ginshiƙin. Ɗan harshen da ya rage ka cusa shi ƙasa. Ga ginshiƙin kusurwa, yanka ɗaya ne a karkace daga kusurwar yadin. Ka yanka ƙasa da abin da kake zato, ka gwada, in yadin ya tattare ka ƙara kaɗan.

Kafewa daga tsakiya take farawa. Fin uku a tsakiyar baya, uku a tsakiyar kowane gefe, ka duba ko zaren yadin yana tafiya a miƙe, sannan ka bi zuwa kusurwoyi. Da tafin hannu ake lallaɓa yadi ya tafi, jan da aka yi da yatsu biyu yana barin layi-layi. Fin mai milimita 10 ya isa a nan. Daga nan ka koma gaba: sa soso ko auduga daga ɗinkin zuwa kan naɗin baki har fuskar katako, jawo yadin ado a kai, ka kafe a inda tsohon yake, ko dai a fuskar katakon gaba in akwai wani yanki da zai rufe, ko a ƙarƙashinsa. Ninkin kusurwa biyun su fuskanci ƙasa kuma su yi kama da juna.

Kafin ka taɓa hannuwa, tsayar da kujerar, ɗora tsofaffin matasan, ka zauna a kowane gurbi. Daga ƙasa zuwa saman matashi ya kamata ya kama tsakanin santimita 43 da 48, gaban ya ɗan fi baya tsayi. Motsa jiki ka saurara. Idan akwai ƙara, sa wani ya zauna kai kuma ka leƙa ta ƙasa da tocila, tunda ƙyallen ƙasa bai hau ba tukuna, ka bi maƙalan ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai kukan. Idan shiru, ɗauke matasan, rufe sabon daɓen da tsohon zane don kada ya yi datti, ka ɗauko yadin cikin hannu.